Wayar Nazifi Ta Shigo Gida

Tun da Nazifi ya tafi Riruwai aikin ɗaura eriya a kan dogon ƙarfe, matarsa Husna ba ta sake jin muryarsa ba. Ga ta da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. In ta kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta tsinke. Mutanen gidan kuwa bakinsu ɗaya, kamar an yi musu bita: ai yana can cikin duwatsu, aiki ya sha kansa.

Aiki? Nazifin da ko kasuwar Doguwa ya shiga sai ya kira ya tambayi ko akwai sauran manja?

Kafin tafiyarsa ya bar mata kula da na'urar wayifai da ya kafa a ɗaki, wadda samarin layin ke jonawa. Ya nuna mata wani shafi, DHCP, inda duk wayar da ta shigo na'urar ke ba ta aron lamba, sunanta ya fito. In ta yi nisa, sunan ya dushe. Lamba ɗaya ce ba ta aro ba, wadda ya ware wa tasa wayar. Ya kuma ce ƙarfin abin bai wuce dakalin ƙofar gida ba.

Ran nan bayan azahar, rana tsaka, ta buɗe shafin don ta ga wane mara tausayi ne ke shanye data. Sai ga shi a sama: Nazifi. Da lambarsa, da komai.

Ta rarrafo ta leƙa tsakar gida. Ba kowa sai kaji, da Inna Tani, uwar mijin, tana tsince wake ba tare da ta dubi waken ba.

"Inna, ya dawo ne?"

"Wa? Ke dai koma ki kwanta, ƙafarki ta kumbura."

Kafin la'asar sunan ya dushe. Washegari ya dawo, jibi ma haka, kullum bayan azahar. Ba sallama, ba ƙarar babur, ba takun ƙafa. Suna kawai, ya zo ya zauna a gidan kamar mai jiran a ba shi ruwa, ya tashi. Wallahi tsoro ya kama Husna, irin tsoron da ba ka iya gaya wa kowa. Ta karanta Ayatul Kursiyyu ta tofa wa na'urar. Ta cire ta daga wuta ta mayar. Sunan ya fito, shi ne ma na farko.

Ranar Juma'a ta daina kallon shafin kaɗai, ta haɗa da kallon ƙofa. Sunan na fitowa, sai ga sallamar Baba Ahmadu, surukinta, wanda kwanan nan ya tsiri leƙo ta kullum, shi da a da kunya ba ta barinsa wuce zaure. Ya tsaya daga bakin labule.

"Husna, ya jikin?"

Ta durƙusa da ƙyar. "Da sauƙi, Baba."

Hannunta na cikin hijabi, ta danna kiran mijinta. Ba a ji ƙara ba. Amma aljihun farar rigar tsohon ya yi haske, ya ɗauke, ya sake yi.

Baba Ahmadu ya dafe aljihun. Inna Tani da ke tsakar gida ta saki faifan wake.

Haba! Ashe Nazifi ya rasu, wayarsa aka kawo wa tsohon. Shi ke kai ta caji kowace safiya, dattijon da bai iya ko buɗe waya ba, don kada yarinyar ta kira ta ji a kashe. Manya sun yanke: mai ciki ba ta jin irin wannan labari sai ta sauka lafiya. Sun kwaɓi baƙi, sun kai zaman gaisuwa can gidan ƙaninsa, sun haɗiye kukansu. Ba wanda ya san wayar za ta riƙa gaida na'urar ɗakinta duk shigowa.

"'Yata," in ji shi, "tausayinki muka ji."

Husna ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu ta zare 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a kan tabarma.

"Baba, kwana nawa ke nan? In san daga inda zan kama takaba."