Tsuntsun Korbinian

Korbinian mutum ne da bakinsa ke riga hannunsa aiki. Ran da ya tsaga falan dutse a ramin haƙarsa ya ga sawu, ko ƙurar bai gama hurewa ba labari ya isa gidan giyar Alois.

Sawun dai ga shi ɓaro-ɓaro: 'yan yatsu a baje kamar na kaza, layi biyu, da wani siririn zane a tsakiya. Duk ƙauyukan Solnhofen ba wanda bai san tsohon tsuntsun nan mai haƙora ba, wanda aka taɓa tono ƙasusuwansa daskare a cikin dutsen yankin, sunan wanda ya tono shi ya kai har birni. A gidan giyar, Korbinian ya doka kofinsa a tebur.

"Ƙaninsa ne, yana tafe yana jan wutsiya! In sawun nan ba na tsuntsu ba ne, ku canza mini suna."

"Mun ji, mun shaida," in ji Alois, yana goge kofi yana dariya ƙasa-ƙasa. A ƙauyen nan kuwa in aka laƙa wa mutum suna, har jikokinsa sai sun amsa shi.

Washegari ya durƙusa ya karanta yatsun yadda ake karanta sawun kaza a tsakar gida, suka nuna masa gabas. Ya bi su fala bayan fala, sai kawai sawu ya shige ƙarƙashin dutsen iyaka, ya faɗa filin Walburga.

Tabɗi! Walburga fa, matar marigayi Vitus, wadda Korbinian ya sha faɗa a bainar jama'a cewa mace da guduma sai dai ta fasa babban yatsanta. Tun rasuwar mijinta filin ke binne ƙarƙashin ƙasa da tsakuwa tsayin mutum, ba mai kwashe mata. Wani ɗan lungu take lallaɓawa tana samun na burodi.

Ya cire hula, ya same ta tana sassaƙa falan rufin ɗaki.

"Maƙwabciya, barka da aiki."

"A'a! Yau wace rana? Korbi da gaisuwa? Ko ba ka da lafiya ne?"

Ya yi mata bayani. Ta je ta leƙa sawun. Ta daɗe a tsugune, ta dubi gabas, ta dubi yamma, sannan ta ciji leɓe kamar mai ciwon haƙori.

"Ka tona. Amma kar ka yi mini ramin ɓera a fili. In za ka kwashe ƙasa, ka kwashe ta da faɗi, ka kai bayan tudu."

Haka bawan Allah ya shiga. Sanyi ya sauka, ƙasa ta daskare, shi yana nan da shebur da baro, hancinsa ja wur, bayansa a ƙage. Da rana Walburga kan kawo masa miyar dankali mai zafi, ta tsaya a bakin rami da hannu a ƙugu.

"Ya fara cara, tsuntsun?"

"Ki jira ki gani."

"Ina jira. Ga can ka bar tsakuwa."

Sai da ƙanƙara ta narke ya kai ga falan da yake nema. Ya tsaga a hankali, ga sawu. Ya bi, har sawun ya ƙare a wani ɗan kwarmi zagayayye. Daga nan dutse sumul, ba ƙashi, ba gashi, ba komai. Ya zauna daɓas. Can sai idonsa ya yi haske.

"Ya tashi! Walburga, zo ki gani! Nan ya buɗe fiffike ya yi sama!"

Ta leƙo, tana goge hannu a zane.

"Nan ya faɗo dai. Koma ɗaya bakin sawun, can wajenka, ka gaishe shi."

Korbinian ya tsallaka iyaka da gudu. Yamma kaɗan da inda ya fara ganin sawun, ya ɗaga falan da yake zama a kai yana cin tsiran alade, ya tsaga. Sawu ya soma tangaɗi, ya murɗe, sai ga mai shi a kwance: wani abu kamar kasko a kife, gabansa zagaye da siffar kofaton doki, ƙayoyi a gefe, ga doguwar wutsiya kamar tsinke. Kaguwar dutse ce.

Walburga ta iso ba ta ko sauri.

"Vitus ya tono irinta ya fi a ƙirga. Wani likita da ke saya a wurinsa ya ce ba ma kaguwa ba ce, dangin kunama ce da gizo-gizo. A da nan duk ƙasan ruwa ne, gishiri ya yi masa yawa, ba abin da ke rayuwa a ciki. Ta faɗo, ta taka iya ƙarfinta, ta mutu. Kakanninta sun riga tsuntsunka zuwa duniya nesa ba kusa ba, danginta kuma suna nan da ransu a bakin tekun Amurka, jininsu shuɗi, kama kamar an tsaga kara. Ƙafar baya da take tura laka da ita, ita ta yi maka yatsun kaza. Kai kuma ka karanta a baibai."

"Kin sani tun ranar farko!"

"Ka tambaye ni? Haba Korbi, mace da guduma me ta sani?"

Korbinian har ya ji muryar Alois a kunne: Korbi Kaguwa. 'Ya'yansa, 'ya'yan Kaguwa. Gidansa, gidan Kaguwa, har a rubuta a kan kabari. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ba kowa sai su biyu. Ya kifa falan a hankali, ya zauna a kai.

"Maƙwabciya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "tsuntsun nan ai tashi ya yi, ko?"

Walburga ta juya ta dubi arewacin filinta, inda shebur bai taɓa ba tukuna.

"Ni ma kamar na ga tashinsa. Sai dai wancan tulin ƙasar yana kare mini gani, shi ya sa ba zan iya rantsewa ba."

Korbinian ya dubi tulin. Ya fi wanda ya kwashe girma, har da saiwoyin itatuwa a ciki. Ya mayar da hularsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki shebur.

"Ta ina zan fara?"