Asabar ɗin da Biriskila Ta Je Ruga

Biriskila Ayuba 'yar Zuru ce. Aikin asibiti ya kawo ta Illela shekara tara da suka wuce, tare da mijinta Istifanus mai gyaran janareto. Kiristocin garin ba su da yawa, don haka duk wanda ya iya abu ɗaya a majami'a sai a ɗora masa uku. Ita ce sakatariyar Zumuntar Mata, ita ke koyar da waƙa ran Talata, Laraba akwai addu'ar tsakiyar mako, Juma'a ziyarar marasa lafiya, Lahadi kuwa tun ƙarfe bakwai tana tare da yara. Addu'ar safe ma tana yi tana leƙen agogo.

Wannan Asabar ta damina ta fi sauran nauyi. Matan zumunta daga Sakkwato da Ƙonni za su zo taro ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ita za ta ja waƙar buɗewa. Tana cikin guge zanen zumunta, wajen ƙarfe takwas, aka yi sallama.

Asta ce, Bafulatanar da ke kawo mata nono tun shekara shida. Yau babu ƙwarya a kanta.

"Asta, lafiya? Ina nonon?"

"Ban zo saida komi ba, Malama. Gobe da asuba za mu tashi, mu ƙetara Nijar. An kore shanun maƙwabtanmu shekaranjiya, maigida ya ce ba mu ƙara kwana biyu." Ta gyara mayafi. "Kullum kina cewa za ki zo ki ga gidana. Yau kaɗai ya rage, gobe babu gidan."

Biriskila ta ji kunya ta kama ta. Gaskiya ne, ba ta san sau nawa ta ce wa matar nan "wani satin" ba. Ta buɗe baki za ta kawo zancen taro, sai ta ga Asta ta riga ta kawar da kai, kamar wadda ta san amsar tun daga hanya.

"Tsaya in ɗauko jakata," in ji Biriskila.

Istifanus ya biyo ta tsakar gida da baƙin mai a hannu. "Rugar tasu bayan Gidan Katta take fa. Kin san abin da ake faɗa a kan hanyar nan. Taron kuma fa?"

"Zan dawo kafin goma da rabi. Ka faɗa wa Mama Tabita."

Mama Tabita ita ce Uwar Zumunta, tsohuwar malamar makaranta da ba ta ɗaukar latti da wasa.

Biriskila da Asta suka hau babur ɗin Sahabi, wani dattijon ɗan kabu-kabu da Asta ta sani. Tun da suka bar kwalta Biriskila ke waige-waige. Gero ya yi tsawo a gefe da gefe, ba ka ganin abin da ke gabanka. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai ta ƙanƙame jakarta. Ta so ta yi addu'a yadda ta saba, da godiya da roƙo a jere, amma abin da ke fita kawai shi ne, "Yesu, ka gani. Yesu, ka gani."

Rugar bukkoki biyar ce, uku an riga an kwance su. Mata na ɗaure ƙoruka da tabarmi, maruƙa na kuka a turke. Asta ta shigar da ita bukkarta, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Babu mara lafiya, babu abin da ake so ta duba ko ta gyara. Zama kawai aka kira ta ta yi, kuma ta ga ba ta iya shi ba. Ta sha kurɓi biyu ta duba waya. Babu sabis. Tara da rabi ta wuce.

Tana shirin cewa za ta koma, sai gabas ta yi baƙi. Kafin Sahabi da ke jiranta ya tura babur ƙarƙashin itace, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

"Malama, ba mu tahiya yanzu," ya ɗaga murya daga bakin bukka. "Kwarin da muka ratso ya cika. Sai ya janye."

Biriskila ta sa hannu a jaka don ta ɓoye wayar kada ta jiƙe, sai yatsunta suka taɓa ƙarfe. Makullin ɗakin ajiyar majami'a ne, inda ganguna da tulun kiɗa da kacau-kacau suke. Shi ke nan guda ɗaya. Ta hango mata sittin sun taho daga nesa, Mama Tabita tsaye gaban ƙofa a kulle, ana tambayar ina sakatariya. Hawaye suka zubo mata.

"Mi ya faru?" Asta ta tambaya.

Ta faɗa mata duka. Asta ta kalli ruwan da ke ɗiga ta rufin bukka, sannan ta ce, "To, su matan, ba su da baki? Sai da ganga?"

Biriskila ta yi dariya ba ta shirya ba, hawayen na nan a fuska.

"Waƙar da za ki yi musu, yi mana ita," in ji Asta. "Ba inda za ki."

Biriskila ta fara rerawa. Waƙar yabo ce a kan Ubangiji mai kiwon tumakinsa, ta koyar da ita sau ba adadi, tana ƙirga inda kowace murya za ta shigo. Yau babu wanda za ta gyara wa, sai ta ji kalmomin kamar ba ta taɓa jin su ba. Wasu mata biyu da suka fake a bukkar suka riƙa buga bayan ƙwarya a hankali. Da ta gama, Asta ta ce ta roƙa musu Allah ya kai su lafiya, su da dabbobin. Ta roƙa, suka ce amin, kowa da irin tasa.

Sai ƙarfe ɗaya kwarin ya janye. Asta ta rako ta har bakin hanya, ta danƙa mata man shanu a ƙaramar roba, suka yi sallama.

Biyu saura kwata ta isa majami'a, laka har gwiwa, babu zanen zumunta a jikinta. Daga waje ta ji ana waƙa, ana kiɗa da bokiti da murfin tukunya. Mama Tabita ta fito ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Biriskila, awa uku muna kiran wayarki. Mijinki ya je tasha sau biyu yana tambayar 'yan kabu-kabu. Kin san abin da muka yi zato?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Na yi laifi da ban bar makullin ba."

"Kin yi. Za mu zauna ran Litinin." Ta karɓi makullin. "Je ki wanke ƙafa, ki zo ki taya rabon abinci."

Biriskila ta yi rabon shinkafa tana tunanin Litinin, tana tunanin mutanen da za su kama hanya da shanu gobe da asuba. Da aka zo rufe taro, Mama Tabita ta miƙe za ta yi addu'a, sai ta tsaya, ta nemi Biriskila da ido a can baya.

"Matar nan da mijinki ya ce za su tashi gobe, yaya sunanta?"

"Asta, Mama."

"Su nawa ne?"

"Gida biyar, da yara."

Mama Tabita ta gyaɗa kai, ta ce kowa ya sunkuyar da kai.