Ranar da Aka Manta da Tanimu a Rijiya

A bazarar farko bayan an sauke tutar Faransa, mutanen wani ƙauye tsakanin Agiye da Gazawa suka yanke shawarar haƙa sabuwar rijiya, don tsohuwar ta koma ba da laka. Duk wanda aka tambaya wa zai haƙa, sai ya sosa ƙeya ya ce Tanimu. Ba son ransu ba ne, gwanin ne babu sai shi.

Tanimu gadon haƙar rijiya ya yi. Shekara uku kafin nan dagi ya sare shi a ƙafa, ciwon ya ruɓe, aka ɗauke shi a jaki zuwa asibitin mishan wajen Maradi. Ya dawo da ƙafarsa garau, ya kuma dawo yana cewa shi mai bin Yesu ne. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kore shi, mutanen garin ba mugaye ba ne. Matarsa dai ta tafi ganin gida ba ta dawo ba. Ƴan'uwansa suka ware masa akushi. In ya iso majalisa a gindin gawo, sai hira ta koma kan zafin bana. A gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Wallahi da zaginsa suke yi da ya fi masa sauƙi.

Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Can asibiti ana taruwa ran Lahadi a yi waƙa har bango ya amsa, nan kuwa Kirista mafi kusa da shi sai an yi tafiyar yini guda. Yana addu'a safe da yamma, amma a ransa ya fara zargin ko ya baro Ubangijin nasa can Maradi ne.

Rijiyar ta kai gaba ashirin da ɗaya. Ƴan ƙodago biyu aka ɗauka, Buba da abokinsa, su ke zura shi da safe, su riƙa jawo kwandon ƙasa, su fito da shi da azahar. Ran nan da hantsi sun jawo kwando ke nan sai kalangu ya tashi daga bakin hanya: sabon kumandan mai mulkin yankin, baƙar fata ɗan ƙasa ba Bature ba, zai wuce da mota zuwa Agiye. Wa ya taɓa ganin haka? Gari ya watse. Buba ya ce bari su leƙa su dawo yanzu-yanzu, suka yar da igiya a bakin rijiya suka ruga. Yanzu-yanzun Buba kuwa, kowa ya san tsawonsa.

Tanimu ya jira kwando, shiru. Ya yi kira, muryarsa ta hau ta dawo masa. Ya sake kira har maƙogwaronsa ya bushe. Sai ya ji wani ɗan sauti da duk mahaƙi ya sani: rairayi yana zuba daga bango, sululu, a bayan wuyansa. Ya daina ihu, don ihu ma girgiza bango yake yi.

Ya zauna a duhu ya rungume gwiwa. Mutuwa ba ta ba shi tsoro sosai ba, mai wannan sana'a da ita yake karyawa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne an manta da shi. Ba ƙiyayya, ba mugunta, mantuwa kawai, kamar yadda mace kan manta tsohuwar ƙwarya a bakin gona. Ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa.

"Yesu," ya ce a hankali, "sun tahi duka. In kai ma ka tahi, hwaɗa mini in sani."

Rairayi ya ci gaba da zuba.

Can sai ya lura bangon yamma ya yi fari daga sama. Farin yana saukowa. Ya zuba masa ido. Shekara talatin yana shiga rijiyoyi, ya san rana kan leƙo gaba uku ko huɗu ta koma, gindin rijiya ba wurinta ba ne. In ma ta taɓa saukowa, to kansa na sunkuye kan dagi. Yau ba ta koma ba. Ta wuce gaba goma. Ta wuce jan yumɓun da ya sha wuyar fasawa. Ta sauko zara-zara har ta taɓa masa kai, ta sauka kafaɗunsa, ta cika ramin fal.

Ƙurar da ke shaƙe shi tun safe ta zama zinariya tana yawo a hankali. Ya ga kowane sari da ya yi a bango, ya ga tabon ƙafarsa, ya ga tafin hannunsa duk kanta. Ya duba ƙasa, babu inuwa ko ta ɗan yatsa. Wurin nan da babu idon da ya taɓa gani tun da aka halicci duniya, ga shi an haskaka shi kaf, da shi a ciki. Bai ji murya ba, bai ga kowa ba. Ya dai sani, sanin da ya fi na gani, cewa wanda ya kira yana nan, kuma ba yanzu ya iso ba. Yana nan tun ranar da aka ware akushi. Tanimu ya durƙusa, tsoro da daɗi suka haɗu suka rufe shi.

A daidai lokacin Habi, wata tsohuwa da ciwon gwiwa ya hana zuwa kallon mota, ta biyo wurin tana neman akuyarta. Ta ga igiya a yashe, ga takalman mutum a gefe. Ta rarrafa ta leƙa, inuwar kanta ta faɗa har ƙasa.

"Tanimu! Kana da rai? La ilaha illallahu, sun bar ka kai ɗai! Kada ka motsa, bari in kira maza!"

"Ina lahiya, Inna," ya amsa, muryarsa kwance. "Ki kira su. Amma don Allah ɗan janye kanki, kin tare muna haske."

Habi ta ƙura ido cikin ramin. Ta ga mutum guda a durƙushe, da dagi, da gora.

"Muna?" ta ce. "Kai da wa?"

Tanimu ya ɗaga fuskarsa, hawaye na ƙyalli a gemunsa, yana dariya. Tsohuwar ta jima tana kallonsa. Sannan, a hankali, ta janye kanta.