Daga Taman Melati Zuwa Gidan Gwamnati

Shekara goma sha tara Mai Shari'a Alƙasim Na'Allah ya yi yana alƙalanci a babbar kotun jiharsu, kuma hukunci ɗaya ne ya raba shi da kujerar. Wani kamfani ya killace fadamar ƙauyuka bakwai da takardun bogi, manoman suka kai ƙara, shi kuwa ya duba gaskiya ya mayar musu da gonakinsu. Ba a yi wata biyu ba aka ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, aka yi masa ritayar dole.

Wani abokin karatunsa ya samo masa aikin koyar da shari'a a wata kwaleji a Kuala Lumpur. Ya kwashi matarsa Husainatu da autarsu Walida, suka kama gida a hawa na tara a unguwar Taman Melati. Mutumin da a da ake miƙewa tsaye in ya shigo kotu, sai ga shi kullum a tsaye cikin jirgin ƙasa na LRT da jakar takardun ɗalibai. Bai taɓa kuka da hakan ba. Ɗaliban Najeriya suka saba da shi, in biyu sun saɓa sai su zo falonsa ya saurare su, Husainatu ta cika su da tuwon shinkafa.

A shekara ta shida kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi tas. Bayan mako uku baƙi daga gida suka yi masa sallama, jagoransu wani dattijo ne, Malam Yahuza, ɗaya daga cikin manoman fadamar nan. Da aka ci abinci, dattijon ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ba gaisuwa kaɗai ta kawo mu ba. Jama'a ne suka aiko mu, takarar gwamna muke so ka tsaya."

Na'Allah ya yi murmushi. "Malam Yahuza, ni alƙali ne. Ban iya roƙon mutane su so ni ba."

"Ba mu ce ka roƙi kowa ba. Kai dai ka tsaya, yawon namu ne."

Ya ce su yi haƙuri. Bayan ya raka su ya dawo, ya tarar Husainatu tana jiransa a falo.

"Baban Walida, tsohon nan bai taɓa hawa jirgin sama ba sai wannan karon. Haka za ka bar shi ya koma?"

"Kin manta abin da aka yi mana?"

"Ban manta ba," in ji ta. "Waɗanda suka yi mana suna nan suna yi wa wasu. Mu mun sami inda muka fake. Su fa?"

Kwana biyu yana juya maganar. A rana ta uku ya rubuta takardar ajiye aiki, ya koma Najeriya.

Yaƙin neman zaɓensa ya ba mutane mamaki. Bai iya ihu a kan dandamali ba, sai ya riƙa zama a kan tabarma a kasuwannin ƙauye, ya ce kowa ya faɗi kukansa, yana rubutawa kamar a kotu. 'Yan adawa suka yi ta dariya har ranar zaɓe.

Husainatu ba ta bi shi ba, domin Walida na jarrabawar ƙarshe. Ranar da za a faɗi sakamako da hantsi a Najeriya, a Kuala Lumpur la'asar ta yi. Ɗalibai sun fi talatin a shagon mamak, wurin sayar da shayi da abinci, da ke ƙasan benensu, sun haɗa tebura, an jingina waya da kofin shayi. Husainatu na gefe da carbinta. Aka soma karanto ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. Uku na farko suka tafi ga abokin hamayya. Daga nan sai sunan Na'Allah, sai Na'Allah, har sau goma sha ɗaya a jere.

Ɗaliban suka miƙe da kabbara. Mai shagon ya tambayi Walida abin da ya faru, ta gaya masa da Malayanci cewa malamin nan mai sayen shayi ba sukari ya zama gwamna. Mutumin ya ajiye ludayinsa ya zo ya gaida Husainatu da hannu a ƙirji.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Hajiya, kin ji?"

"Na ji, Baban Walida. Allah ya taya ka riƙo."

"Amin. Ku shirya, aiki ya same mu."

A makonsa na farko bayan rantsuwa, kafin ya naɗa kwamishina ko ɗaya, ya ɗauki babbar mai shari'a ta jihar suka shiga gidan yari. Suka zauna a tsakar gidan da fayiloli tun safe har azahar, kwana huɗu a jere. Mutum ɗari biyu da sha huɗu aka sallama, waɗanda zaman jiran shari'arsu ya wuce hukuncin laifin da ake tuhumarsu da shi. Na ƙarshensu wani makiyayi ne da ya shekara tara ba a taɓa kiran sunansa a kotu ba. Da aka buɗe masa ƙofa ya tsaya yana waige-waige, sai gwamnan ya taso da kansa, ya kama hannunsa ya fito da shi bakin titi.