Akwatin Baba Kafinta

"Dakata sai amshi," in ji Baba Kafinta. "Baitin nan a hankali suke jan shi, za a ji mu."

Na tsaya da guduma a sama, ƙusa tsakanin yatsuna. Daga ɗakin sujada, wanda bai fi taku talatin da ɗakin aikin katako ba, ɗalibai ɗari huɗu suna rera waƙar safe. Da suka kai amshi mai ganga ya saki hannu, Baba ya ɗaga mini gira. Na buga sau uku. Na farko ya sami ƙusa, na biyu ya lanƙwasa ta, na uku ya sami babban yatsana.

"Ɗan Alli ke nan," ya ce, yana dariyar da ba ta da sauti. "Shekara nawa kana koya wa 'ya'yan mutane layi miƙaƙƙe, ga ƙusa ɗaya ta gagare ka. Ciro ta."

Akwatin gawarsa muke yi. Gara in faɗa tun yanzu, don ni ma haka ya faɗa mini, ba kwana-kwana.

Ni malamin lissafi ne a makarantar kwana ta majami'armu, kuma shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasa a layin gidajen ma'aikata. In ya yi tari ina ji, in na yi faɗa da matata yana ji, da safe mu gaisa kamar ba wanda ya ji komai. Shi ne kafintan makarantar tun kafin a haifi wasu malamanmu. Bencin ɗakin sujada, teburan aji, ƙofofin ɗakunan kwana, har mumbarin da Fasto ke dafawa, duk aikin hannunsa ne. Akwai kuma wani aikin da ba a rubuta a takardar ɗaukarsa ba. Duk wanda ya mutu a cikin makarantar, Baba ne ke yi masa akwati. Ya yi wa tsohon Fasto, ya yi wa mai gadi da masu girki biyu, ya yi wa ɗaliba ɗaya, ya yi wa ɗansa na fari. Goma sha shida ke nan a lissafinsa.

A farkon zangon karatun ciwon ciki ya kwantar da shi. Ya yi mako uku a asibiti, aka sallamo shi da jakar magani da cewa ya je gida ya huta, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Shugabar makaranta ta karɓe makullin ɗakin aikin ta ba ni, tunda ni ke kula da kayan makaranta, ta ce ko tsintsiya kada in bari ya ɗauka.

Kwana huɗu da dawowarsa ya kira ni ta kan shinge.

"Ɗan Alli, makullin nan yana wajenka?"

"Yana wajena, Baba, kuma a wajena zai zauna."

"Akwai katako takwas a saman rufin ɗakin, na ajiye su shekara tara. Sun bushe sarai. Nawa ne."

Na gane, amma na yi kamar ban gane ba. Na ce Allah zai ba shi lafiya, irin maganar da ake yi.

"Amin. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka taɓa duba akwatin kanti? Falanki kamar takarda, an lulluɓe da ƙyalle mai sheƙi don a rufe kunya. Na ga wanda gindinsa ya lotsa a hannun masu ɗauka. Ni da na yi wa mutum goma sha shida, a sa ni cikin abin da ban san wanda ya buga ƙusarsa ba? Ai ko a can sai su yi mini dariya."

"To a gaya wa Mama mana."

Mama matarsa ce, ita ce uwar ɗakin kwanan 'yan mata, duk makarantar haka muke kiranta.

"Kul," ya ce. "Matar nan azumi take yi da addu'a in tashi. In ta ji ina haɗa akwati, za ta ce na fid da rai ga Ubangiji. Ban fid da rai ba. Aiki ne kawai ban so in bar shi a hannun wani."

Shi ya riga ya tsara komai. Ƙarfe bakwai Mama take kora 'yan matanta zuwa sujadar safe, ta zauna a bencin baya tana lura da masu gyangyaɗi, ba ta fitowa sai bakwai da rabi. A cikin rabin awar nan ana waƙa uku. Lokacin waƙa mu yi zarto da guduma, lokacin karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a mu shafa gam mu goge katako. Baba ya san waƙoƙin makarantar kamar tafin hannunsa. Daga sautin farko zai ce, "Wannan baiti biyar ce, ɗauko zarto," ko kuwa, "Wannan ba ta da amshi, ajiye guduma." Ban amince don ina da kirki ba. Na amince ne don na san in na ƙi, zai ɓalle ƙofar da kansa, shi ya kafa ta.

Makon farko shi yake yanka, ni ina riƙewa. Mako na biyu zarto ya fara yi masa nauyi, ya koma kan kujera yana nuna mini da sanda. Kullum wandonsa ƙara yi masa yawa yake, har ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Bakinsa ne kaɗai bai rame ba. Ya ce hannuna biyu duk na hagu ne. Ya ce da ni aka ba aikin jirgin Nuhu, da ko kaza ba ta tsira ba.

Ranar da na cika kwana tara ban shiga sujada ba, Shugaba ta aika a kira ni ofis. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Malam, bencin malamai ya yi kewarka."

"Ranki ya daɗe, takardun gwaji ne suka taru mini."

Ta sauke tabarau ta dubi ƙafar wandona. Ni ma na duba. Garin katako ne har gwiwa. Ta juya biro a kan tebur.

"Saura kwana nawa takardun su ƙare?"

"Kamar mako guda, ranki ya daɗe. In Allah ya ba da lokaci."

"Na lura waƙoƙin safe sun yi kaɗan," ta ce, ta mayar da tabarau. "Zan gaya wa malamin waƙa ya ƙara ɗaya. Mai tsawo. Jeka ajinka."

Daga ranar waƙa ta zama huɗu. Yara suka yi ta gunaguni wai shayinsu na hucewa, Fasto kuwa ya yi murna, ya ce farkawa ta zo makarantar.

Ranar Laraba muka gama gindi da gefe huɗu. Baba ya tashi da kyar ya zagaya akwatin yana shafa kusurwoyi da yatsa, ya ce ba laifi, wanda daga bakinsa babban yabo ne. Saura murfi. Katako uku ne, an yanka, an goge, ana jiran a haɗa su. Muka lulluɓe komai da tsohon labule. Na raka shi gida yana dafe da kafaɗata, muka tsaya hutawa sau biyu a tafiyar da ba ta kai minti uku ba.

Alhamis bai fito ba. Na jira a bakin ɗakin aikin har aka gama waƙa ta huɗu. Bayan an tashi daga aji na shiga gidansa. Yana kwance a gadon da shi ya yi, taga a buɗe, ana jin 'yan ƙwallo a fili. Mama tana zaune a gefensa da kofin ruwa da cokali.

"Ɗan Alli," ya ce, muryar kamar daga wani ɗaki. "Kantar littattafan nan ta laburare. Saura me?"

Sunan da muke kiran akwatin da shi ke nan a gaban Mama. Na saci kallonta. Tana juya cokali a kofi.

"Saura katakon sama, Baba."

"Gobe zan zo."

"Allah ya kai mu."

"In ban zo ba, yatsa biyu daga baki kake buga ƙusa. Kusa da baki katako tsagewa yake. Ka ji ko? Kada ka ba ni kunya."

"Sha ruwa, Baban yara," in ji Mama. "Littattafai ba gudu za su yi ba."

Juma'a ma bai zo ba. Na buɗe ɗakin ni kaɗai, na ɗaga labulen, na dubi katakon uku, na mayar. Na kasa taɓa su. Gani nake in na haɗa murfin ba shi, na yanke masa hukunci ne.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya cika. Ɗalibai suna wanki, igiyoyi cike da fararen riguna, matata tana tsince wake a ƙofar gida. Ba a yi kururuwa ba. Mama ce ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Malam, kira mini Fasto. Babanku ya tafi." Na tafi na kira shi. A hanya na tsaya na raba wasu yara biyu da ke faɗa a kan bokiti, ban san dalilin da ya sa na tsaya ba.

Kafin tsakar rana falon ya cika da malamai da matan majami'a. Aka yi addu'a, aka sa jana'iza washegari bayan sujada, don 'ya'yansa biyu su iso. Sai wani dattijon majami'a da ya zo daga gari ya ce a ba direba mota ya je ya zaɓo akwati tun kafin a rufe shaguna. Shugaba ta dube ni. Tun farko Baba ya ce kada Mama ta sani, ga shi kuma in na yi shiru mota za ta tashi. Na durƙusa a gaban Mama.

"Mama, ki gafarce ni. Akwai abin da muka ɓoye miki. Ba kantar littattafai muke yi ba."

"Na sani," ta ce.

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Shekara arba'in da ɗaya ina wanke rigunan mutumin nan, a ce ban san garin katako ba? Kuma kuna tsammani ganga ta rufe ku? Daga bencin baya ina jin komai. Bugunsa na san shi, tare da waƙa yake tafiya. Naka kuwa, Malam, kullum a makare yake zuwa."

Wata a cikin matan ta yi dariya, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Me ya sa ba ki yi magana ba, Mama?"

"Shi yana tsoron in ce bangaskiyarsa ta raunana. Ni kuma na ga duk safiyar da zai je wurin nan, yana tashi ya sa takalmi da kansa. In na hana shi, me zai tashe shi? Na bar shi da asirinsa, ya bar ni da azumina." Ta goge fuska da tafin hannu. "An gama?"

"Saura murfi."

"To me kake yi a nan?"

Na yi awa uku a kan aikin da Baba zai gama kafin shayi ya huce. Na auna yatsa biyu daga baki a kowace ƙusa, guda ashirin da huɗu. Biyu sun lanƙwashe na ciro su, katako bai tsage ba. A ta goma sha wani abu hawaye ya hana ni ganin kan ƙusar, na zauna a kujerarsa har ya wuce, sannan na ci gaba. Da na ɗora murfin ya zauna daram. Na so ƙwarai a ce akwai wanda zai zage ni.

Da la'asar mu huɗu muka kai akwatin gidansa. An yi masa wanka, an sa masa farar rigar da yake zuwa sujada da ita. Muka ɗaga shi, bai fi nauyin ɗan aji ɗaya ba, muka kwantar da shi a ciki. Tsawo ya yi daidai, kamar an zana. Amma a faɗi akwai sarari kusan tafin hannu ta dama, tafin hannu ta hagu. Da muka ɗan gyara akwatin a kan benci, sai gawar ta zame gefe guda.

Na fara cewa wataƙila ni ne na yi kuskure a yanka.

"Ba kai ba ne," in ji Mama. Ta tsaya tana dubansa. "Bai sake auna kansa ba. Kafaɗun da ya aure ni da su ya yanka wa katako."

Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar buɗe akwatin kayanta. Ta fito da zannuwa shida a hannu, waɗanda take ajiyewa don manyan ranaku. Wata ta miƙa hannu za ta taya ta, ta girgiza kai. Ta durƙusa a gefen bencin, ta ninke na farko gida huɗu, ta naɗe shi, ta cusa tsakanin kafaɗarsa da katako. Ta zagaya ɗaya gefen ta yi haka. Ta ɗan girgiza akwatin da hannu ɗaya, ta ga har yanzu yana motsi kaɗan, ta ɗauki na uku.