Labbo Ya Datse Ƙarfinsa

Labbo lebura ne a aikin madatsar Bakolori, kuma duk Birnin Tudu babu saurayin da ya kai shi kaurin cinya. Kokawar kaka ta matso. Zai kara da Bube ɗan Damaga, wanda shi ma yake zuwa zance wurin Altine. Ita kuwa ta faɗa a gaban ƙawayenta cewa wanda ya yi kaye shi za ta share wa zufa da gyalenta.

Labbo ya ga yadda aka tare kogi har ruwa ya taru ya shafe gonaki, sai ya ce shi ma haka zai yi da ƙarfinsa. Ya bar aiki, ya miƙe bisa gado. Salla kaɗai ke tashe shi.

"Inna, a dama hura da kauri, kuma kada a aike ni."

"Wanga kwanci na mai jego ne ko na ɗan kokawa?" in ji mahaifiyarsa.

"Tarawa nike, Inna. Kowane taki ɓarna ne."

Da farko ya ji daɗi. Daga baya tuwo ya riƙa kwana masa a ciki, yunwa ta ƙaurace, tumbi kuma ya turo. Wandon da ke matse cinyarsa ya saki. In ya miƙe sai jiri ya ɗebe shi, ƙirji na bugawa kamar ana daka. Ya yi murmushi, wai ƙarfin ne ke neman mafita.

Ranar kokawa Bube, wanda ya ƙare kakar yana jidar damman gero, ya dube shi sama da ƙasa.

"Labbo, ina ka baro ƙafafun? Aro ka bayar?"

Suka sarƙe. Hannuwan Labbo ba su manta komai ba, gwiwoyin ne suka ci amanarsa. Makaɗi bai gama yi masa kirari ba ya ji bayansa a ƙasa.

Altine ta cika alkawari, ta share wa Bube zufa, Labbo yana kallo. Da za ta wuce ta gefensa sai ta rage murya.

"Zufa na ce zan share, ban ce aure ba. Baba na neman mai kwasar dawa gobe."

"Da sassafe?"

"In ƙafafun sun yarda."

Wani ya miƙo masa hannu, ya ƙi. Ya dafa ƙasa, ya tashi da kansa.