Juyi na Huɗu

Shekara talatin da shida maigidana yana zuba jari a kamfanonin da ko rarrafe ba su fara ba, shi ya sa 'yan ofishinsu ke ce masa Baba Kasada. A cikin goma, uku su rayu, bakwai su mutu, gawarwakin kuwa gidana ake kawo mini. Akwai butar shayi mai fito tun ruwa bai yi ɗumi ba, da makullin ƙofa mai gane yatsa wanda har yau bai san nawa ba. Sai wata fanka mai aiki da hasken rana, juyi uku take yi ta tsaya hutawa.

Fankar nan ce ke ci masa rai. Wata injiniya ce ta ƙera ta. Shekara goma sha tara ke nan da ya janye jarinsa, kamfaninta ya rufe. Ranar ta dire masa fankar a teburinsa ta fice.

Da zai yi ritaya, ofis ya shirya liyafar rana, aka gayyato waɗanda suka yi arziki. Shi kuma ya bi ta bayan fage ya gayyato duk waɗanda suka faɗi.

Na ce, "Malam, wa zai zo cin abincin wanda ya rufe masa shago?"

"Ita injiniyar kaɗai ma ta zo, ta ishe ni."

Haka ya sa na rungumo fankar har zauren taro, ni da sabon leshina. Mai buta ya zo, mai makulli ya zo, ana ta shewa ana tsokanar juna. Maigidana na dariya amma idonsa na kan ƙofa, ko loma bai kai baki ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ana kwashe faranti sai ga wata mata da furfura a goshi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta nufi fankar da ke bakin taga, ta kwance bayanta, ta zaro wani ɗan ƙarfe daga jaka ta ɗaura.

"Wata biyu bayan kun janye na gano matsalar, Baba. Haushi ne ya hana ni faɗa muku."

Maigidana ya ce, "Kin yafe mini?"

"Da ban yafe ba, zan yi shekara goma sha tara ina yawo da ƙarfe a jaka?"

Ta danna maɓalli. Ɗaya, biyu, uku, tsohon nan na ƙirgawa da ƙarfi. Huɗu. Iska ta kwashe takardar jawabinsa ta watsar a ƙasa, bai ko kalle ta ba. Ya share hawaye, ya jawo kujera kusa da ita.

"'Yata, guda nawa za ki iya ƙerawa a wata?"

Na taka masa ƙafa. "Malam, ritaya fa muka zo."

Ya ce, "Bari sai gobe."